Me ake nufi da "tsohuwar unguwar Turawa" a yawon buɗe ido?

Wannan magana ta fara yawa a bakin 'yan'uwanmu masu tafiye-tafiye da malaman makaranta masu kai ɗalibai zagayen wuraren tarihi. Za ka ji an ce wane ya je Senegal ya zaga tsohuwar unguwar Turawa, ko an kwashi yara daga Ringim ko Gezawa an kai su Kano su ga gine-ginen zamanin mulkin mallaka. Abin da ake nufi shi ne yankin gari da Turawan mulki suka zana da kansu, suka gina domin gidajensu da ofisoshinsu da kantunansu, wanda ya rage a tsaye bayan sun tattara sun tafi. Iyayenmu da kakanninmu bariki suke ce masa.

Mutumin karkara idan ya ji an ce tsohon gari a Kano, hankalinsa cikin badala yake tafiya: Dala, kasuwar Kurmi, Gidan Rumfa, marinar Ƙofar Mata. Waɗannan sun girmi zuwan Bature da ɗaruruwan shekaru, kuma ba su ake nufi ba. Unguwar Turawa tana wajen ganuwa ta gabas, wato Nasarawa da Bompai, kuma ba haka kawai aka yi ta nesa da jama'a ba.

A watan Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, lokacin Sarki Alu ba ya gari. Da farko sun ɗan zauna a Gidan Makama, daga baya suka fita bayan gari. Tsarin da Gwamna Lugga ya kafa, wanda dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa, ya tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Hujjarsu ita ce tsoron zazzaɓin cizon sauro, don a ganinsu daga jikin baƙar fata sauro ke ɗauko cutar ya kai musu. Haka Kano ta rabu: birni yana hannun Sarki da En'e, wato hukumar gargajiya, bariki na Turawan mulki irin su Razdan da Di'o da manyan kamfanoni, sai Sabon Gari da aka yanka wa ma'aikatan da suka biyo jirgin ƙasa daga Kudu bayan dogo ya iso Kano a 1911. Wanda ya san wannan, ko daga cikin mota zai gane inda ya shiga. Lunguna sun ƙare, tituna sun miƙe sun yi faɗi, maɗaci da darbejiya sun jeru, ga filin sukuwa can, ga kulob.

Idan ka samu tsohon gidan da ba a rushe ba, kada ka tsaya a gaba kawai. Gaban dai ga baranda mai faɗi ta kewaye ɗakuna, tagogi manya suna kallon juna don iska ta ratsa, rufi ya yi sama sosai saboda zafin bazara, fili kuwa ya isa a noma gero. Zagaya baya. Can ƙarshen fili za ka tarar da wasu 'yan ɗakuna a jere, ƙofa ƙarama, taga kamar tafin hannu. Nan kuku da boyi da mai gadi suke kwana, su ne kaɗai 'yan ƙasa da aka yarda su kwana a unguwar. Tazarar da ke tsakanin barandar nan da ɗakunan nan ta fi duk wani bayanin da mai yi wa baƙi jagora zai yi maka.

Ginin da ya fi cancanta a fara da shi a Kano shi ne Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Nan Hanns Vischer ya zauna, Baturen da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda jin harshen da ya yi, kuma shi ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa a 1909. Gidan na ƙasa ne, ba na siminti ba. Bango mai kauri, zankwaye a saman soro, rufin azara da ɗaurin guga irin na magina Hausawa. Da tsakar rana ka shiga sai ka ji sanyi ya sauko maka ba tare da fanka ba. Na taɓa jin wani yaro ɗan firamare ya tambayi malaminsu a irin wannan wuri: "Malam, ashe Bature ma a ginin ƙasa ya kwana irin na gidan Kaka?" Malamin ya ce masa, "Ƙwarai kuwa, yaro, kuma kakanninka ne suka kwaɓa ƙasar." Amsar nan daidai take, kuma ita ce zuciyar maganar.

Domin mu mutanen ƙauye ba baƙi ba ne a wannan unguwa, ko da ba mu taɓa taka ta ba. Kuɗin da aka tafiyar da mulkin daga haraji da jangali suka fito, waɗanda dagatai da hakimai ke tarawa gida gida, ruga ruga. Da aka tilasta biyan haraji da tsabar kuɗin Bature, manomi ya koma shuka gyaɗa don ya samu abin biya. Daga 1912 gyaɗa ta fara kwarara Kano a kan jakuna da raƙuma, har aka kai ga dalar gyaɗa da ake tunawa da Alhassan Ɗantata a kanta. Da dogo ya miƙa zuwa Nguru a 1930, ya ratsa ƙasar da yau take Jigawa, tashoshi irin su Ringim da Malam Madori suka zama wuraren awon gyaɗa. Tsofaffin rumbunan kamfanoni da gidajen ma'aikatan jirgi da ke bakin waɗannan tashoshi ƙananan barikoki ne, ko da yake ba mai kallonsu da wannan ido. Ga kuma aikin tilas da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. A Haɗeja kuwa ba a ma miƙa wuya da sauƙi ba, sai da aka gwabza a 1906, inda Sarki Muhammadu ya rasa ransa, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada.

A wasu ƙasashe an mai da irin waɗannan unguwanni abin neman kuɗi. San Luwi ta Senegal, wadda Faransawa suka kafa a 1659, ta shiga jerin wuraren tarihi na hukumar UNESCO a 2000. Gran Basam, hedikwatar farko ta Faransawa a Kwaddebuwa, ta shiga a 2012. Kusa da mu ga Damagaram, wadda ita ce hedikwatar Nijar har 1926 kafin a koma Yamai, inda mai ziyara zai ga Birni da Zango da ɓangaren da Faransawa suka gina kowanne daban.

Namu kuwa kullum raguwa suke. Filayen suna da tsada, sai a sayi gida, a sare itatuwan da suka shekara tamanin, a yanka fuloti ko a dasa rukunin shaguna. Akwai masu cewa a bar su su tafi, me za a yi da tunawa da zamanin ƙasƙanci? Ina fahimtar zafin da ke cikin maganar, amma ban yarda da ita ba. Yaron da aka gaya wa an taɓa hana kakansa kwana a wani yanki na garinsu zai iya ɗauka tatsuniya ce, sai an nuna masa ɗakin boyi ya leƙa da idonsa. Kuma gwanintar maginanmu da ke jikin waɗannan bangaye tamu ce, ba ta bi Bature jirgi ba.

Wanda zai je daga ƙauye, ya yi sammako kafin rana ta take, ya riƙe ɗan kuɗin shiga gidan tarihi. Yawancin tsofaffin gine-ginen yanzu ofisoshin gwamnati ne ko gidajen mutane ko harabar jami'an tsaro, saboda haka a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗaga waya a ɗauki hoto. Malamin da zai kai ɗalibai ya fara da Gidan Makama a cikin birni, sannan a fito ta Ƙofar Nasarawa a nufi Gidan Ɗan Hausa, yara su ga tazarar da idonsu. Idan akwai dattijo a garinku da ya taɓa kai gyaɗa awo tasha, a nema masa wuri a motar.