Sadarwa da jagorancin rundunar soja

Jagorancin runduna ya ƙunshi yadda kwamanda ke samun labarin fagen daga, ya yanke shawara, ya isar da umarni. Saurin saƙo da nisan da yake kaiwa su ke raba iko tsakanin hedikwata da hafsan da ke bakin daga.

Kafin zuwan waya

A ƙasar Hausa tambari da kakaki da ɗan aike bisa doki ke kai umarni. In runduna ta yi nisa, sai abin da shugabanta ya ga dama. Haka aka gani a 1899 da ayarin Faransawa na Voulet da Chanoine, wanda ya ƙone Birnin Konni a watan Mayu. Ta wasiƙar wani hafsa labarin ta'asarsu ya kai Faris. Aka turo Kanar Klobb, kwamandan sojan Faransa na Tumbutu, ya tsayar da su, bai cim musu ba sai ranar 14 ga Yuli kusa da Tasawa, inda Voulet ya sa aka harbe shi.

Tangaraho da rediyo

A yaƙin Kirimiya, a 1855, an shimfiɗa wayar tangaraho ƙarƙashin Baƙin Teku. Nan take Napoleon na Uku, sarkin Faransa, ya shiga aiko da umarni daga Faris, har Janar Pélissier, kwamandan sojan Faransa a Kirimiya, ya koka da katsalandan. Wannan matsala ba ta gushe ba har yau.

Rediyo ya zo da tasa illar, domin abokin gaba ma yana saurare. A fafatawar Tannenberg ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikin Agustan 1914, Rasha ta aika umarni ba tare da rufe shi da lambobin sirri ba, Jamusawa suka ji, suka yi wa rundunarta ƙawanya. A 1940 kuwa tankokin Jamus na ɗauke da rediyo, alhali hedikwatar Janar Gamelin, babban kwamandan Faransa, a Vincennes ta dogara da tarho da masu babur.

Na'urorin yau

Rediyon VHF na soja yana aiki tsakanin megahaz 30 zuwa 88. Wanda ake goyawa a baya 'yan kilomita kawai yake kaiwa, tudu ko dutse na tare shi. A fili mai faɗi irin Azawak, arewa da Tawa, sai rediyon HF, wato na gajeren zango, wanda ke kai ɗaruruwan kilomita, amma dole a sauya zango tsakanin rana da dare. Zafi na cinye batir, ƙura na toshe mahaɗar eriya. Doguwar magana kuma tana nuna wa maƙiyi inda mai ita yake.

A harin kwanton ɓauna da aka kai wa sojojin Nijar da na Amurka a Tongo Tongo, cikin Nijar, ranar 4 ga Oktoban 2017, an yi kusan awa guda kafin a nemi ɗauki. Jiragen Mirage na Faransa da suka iso ba su jefa bam ba, don sun kasa bambance ɓangarorin a ƙasa. Ana saɓani kan wanda ke da laifi.