Wayar da aka aiko daga waje, za ta kama sabis a Legas?

Kullum tambayoyin nan ake min a shago nan Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Legas, bakina ya gaji, to ga su a rubuce.

Wa ya ba Najeriya lambar +234?

ITU ce, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Geneva, tun 1865 take aiki. Nijar 227, Gana 233. Shi ya sa in ka kira daga Agege sai ya shiga Maraɗi kai tsaye.

Ita ke sa tsadar data?

A'a. Wannan maganar gida ce, tsakanin kamfanonin layi da NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya.

Yayana zai aiko min waya daga Amurka, za ta yi aiki?

Ya danganta, kuma don Allah ku riƙa tambaya kafin a saya, ba sai ta iso ba. Gaskiya ne tsarin 4G da 5G ɗaya ne a duniya, ƙungiyar 3GPP ke tsara shi, amma kowane yanki da irin band ɗin da yake amfani da shi, wato zangon da waya ke kama sabis a kai, a nan na 4G yawanci 3 ne da 7 da 20, wani layin 28, in wayar ba ta da su za ka iya yin kira amma data sai jan ƙafa. Manyan wayoyi galibi suna da su, ƙananan ne abin dubawa. Sannan ko a buɗe take? Da yawa can a kulle suke da layin kamfani ɗaya, wata tana buɗuwa wata kuma sai haƙuri. Ga kuma iPhone 14 zuwa sama na Amurka, babu gidan sim sam, sai eSIM, wato sim ɗin da ake saukarwa cikin waya ba tare da kati ba. Kwanaki wani dattijo mai albasa a Mile 12 ya zo min da tasa naɗe a hankici, yana ta jujjuya ta yana neman ramin sim, wallahi ya ban tausayi. Na ce Baba kwantar da hankalinka, je ofishin layinka ka tambayi eSIM. Saboda haka a turo lambar model tukuna a duba, ni ba zan yi maka alƙawari ban gani ba.

Me ya ɗauke intanet a azumin 2024?

Wayoyin kebul na intanet da ke ƙarƙashin teku ne suka yanke ranar 14 ga Maris ta wajen Kwaddibuwa, har da MainOne da WACS da SAT-3 masu sauka nan Legas. Ba wayarka ba ce, ku daina kawo ta gyara in an yi irin wannan.