Murhun Ɗumama Ɗaki na Iskar Gas

Murhun ɗumama ɗaki na iskar gas na'ura ce da ake girkawa a jikin bangon falo ko ɗakin kwana domin korar sanyi, tana ƙona gas ɗin da bututu ke kawowa daga layin gari ko daga tankin da ke harabar gida. An fi amfani da shi a ƙasashen da hunturu ke tsananta, irin su Birtaniya da Amurka da Kanada.

Tarihi

Gas ya fara shiga gidaje ne domin haske. Ana danganta farkon haska gida da gas ɗin kwal ga wani injiniya mai suna William Murdoch, wajen shekarar 1792, a garin Redruth na Ingila, kuma a 1812 aka kafa kamfanin Gas Light and Coke a Landan. Wajen 1855 masanin kimiyya Robert Bunsen ya kyautata hanyar cuɗa gas da iska kafin a kunna shi, abin da ya samar da shuɗin harshen wuta mai tsananin zafi da ƙarancin hayaƙi, kuma a kan wannan dabara murhunan gas suka ginu. Duk da haka kwal ne ya ci gaba da mamaye gidajen Birtaniya, har sai da hazon hayaƙin watan Disamba na 1952 ya halaka dubban mutane a Landan, aka kafa dokar tsabtace iska a 1956, iyalai da yawa suka koma gas. Bayan an gano gas a ƙarƙashin Tekun Arewa da ke gabashin Birtaniya, ma'aikata sun bi gida-gida daga 1967 zuwa 1977 suna sauya kayan ƙonawa domin su dace da sabon gas ɗin.

Ƙa'idojin aikin sun samo asali ne daga asarar rayuka. A watan Maris na 1937 gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London ta jihar Texas, ya fashe, kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu yara. Ba wanda ya ji ƙaurinsa, domin gas ɗin ƙasa ba shi da wari, shi ya sa aka wajabta zuba masa sinadari mai ɗoyi. Fashewar gas a benen Ronan Point a gabashin Landan a 1968 ita ma ta kai ga kafa rajistar masu aikin gas ta CORGI a 1970, wadda Gas Safe Register ta gada a 2009.

Ire-irensa

Akwai mai fitar da hayaƙi ta bututun rufin gida, da mai rufaffen gilashi wanda ke jawo iska daga waje ya mayar da hayaƙi can ta bututu mai ruɓi biyu, wanda ya bazu tun shekarun 1980. Na uku ba shi da mafitar hayaƙi ko kaɗan. Ana taƙaddama a kan amincinsa, kuma jihar Kalifoniya ta hana shi.

Girkawa da gyara

Aikin na ƙwararre ne mai lasisi. Shi ke auna faɗin bututu gwargwadon gas ɗin da murhu zai sha, ya sa makunnin tsayar da gas kusa da murhun, sannan ya gwada layin da matsin iska kafin a buɗe. Ana duba mahaɗar bututu da kumfar sabulu, kamar yadda masu tukunyar gas ta girki suke yi a Najeriya da Nijar, kuma ba a taɓa gwada yoyo da ashana.

Matsalar da aka fi kawowa ita ce mutuwar ƙaramar wutar da ke kunna babba, galibi saboda ƙura ta toshe ƙofarta ko ɗan ƙarfen da ke jin zafinta ya gaji, sai gas ya yanke da kansa. Kunkunniya a jikin gilashi ko bango alama ce cewa ƙonawar ba ta cika, kuma hakan na haifar da iskar kabon monoksaid mai kisa, wadda ba ta da launi ko wari. Dokar Birtaniya ta 1998 ta ɗora wa masu gidajen haya nauyin sa a duba kayan gas sau ɗaya a kowace shekara.

Idan aka ji warin gas, a rufe makunnin layi, a buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki, a fita waje kafin a kira masu gyara.