Tafiya a kan da'ira da ƙarfin da ke ja zuwa cibiya

A ilimin fiziks, duk abin da ke kewaya da'ira tafiyarsa na sauyawa a kowane lokaci, ko da saurinsa bai ƙaru ba kuma bai ragu ba. Dalili shi ne tafiya ta ƙunshi sauri da alƙibla, abin da ke kewayawa kuwa ba ya daina sauya alƙiblarsa. Wannan sauyi kullum cibiyar da'irar yake fuskanta, kuma ba ya yiwuwa sai da wani ƙarfi da ke jan abin zuwa ciki.

Majajjawar da ake korar tsuntsaye da ita a gonar gero ta isa misali. Yayin da ake wulwula ta, igiya ce ke riƙe dutsen a kan da'ira, mai wulwulawa kuma yana jin jan a hannunsa. Da zarar ya saki bakin igiya ɗaya, ƙarfin ya yanke, sai dutsen ya miƙe ta inda ya dosa a daidai lokacin sakin. Shi ya sa gwanintar harbi da majajjawa take ga sanin lokacin da za a saki.

Ana samun girman sauyin tafiyar ne idan aka ninka sauri da kansa, aka raba da nisan abin daga cibiya, wato a = v²/r, inda a ke nufin sauyin tafiya, v sauri, r kuma nisa daga cibiya. Idan aka ninka wannan da nauyin abin, sai a sami ƙarfin da ake buƙata, F = mv²/r, inda F ke nufin ƙarfi, m kuma nauyi. Christiaan Huygens, masani ɗan ƙasar Holan, ya gano wannan dangantaka a 1659, ya kuma wallafa ta a 1673.

Ninka sauri da kansa shi ne ɓangaren da direbobi suka fi rainawa. Mota mai nauyin kilogiram 1,000 da ta shiga kwanar da nisanta daga cibiya ya kai mita 50, tana gudun kilomita 36 a awa, tana buƙatar ƙarfin newton 2,000 (newton shi ne ma'aunin ƙarfi). Idan gudun ya koma kilomita 72 a awa, buƙatar ta zama newton 8,000, wato ninki huɗu. Babu mai samar da wannan ƙarfi sai riƙon da tayoyi ke yi wa kwalta, kuma adadin na biyu ya kusa iyakar abin da taya mai kyau za ta iya a busasshiyar hanya. Idan ruwan sama ya jiƙa kwaltar, ko yashi ya kwanta a kanta, riƙon ya ragu, sai motar ta zarce kamar dutsen majajjawa. Saboda haka ne ake ɗan ɗaga gefen waje na manyan kwanoni, domin karkatar hanyar ta ɗauki wani kaso na aikin.

Fasinja yakan ji kamar ana tura shi waje, alhali babu abin da ke tura shi. Jikinsa ne ke neman ci gaba da tafiya a miƙe, motar kuma ta karkata ta bar wannan layi, har sai ƙofa ko bel ya tilasta masa bin kwanar.

A sararin samaniya, ƙarfin jan duniya ne ke zama igiyar. Wata yana nesa da duniya da kimanin kilomita 384,400, yana gudun kusan kilomita 1 a sakan, sauyin tafiyarsa kuma bai wuce mita 0.0027 a sakan a kowane sakan ba. Wannan kusan kashi ɗaya ne cikin 3,600 na mita 9.8 da ake aunawa ga abin da ke faɗuwa a doron ƙasa. Nisan wata ya ninka nisan doron ƙasa daga cibiyar duniya kusan sau 60, kuma 60 sau 60 shi ne 3,600. Da wannan lissafi Isaac Newton ya kafa hujja, a littafinsa na 1687, cewa ƙarfin da ke faɗo da dutse ƙasa shi ne ke riƙe wata a kan falakinsa.