Ƙasashe Mambobin Tarayyar Afirka

Tarayyar Afirka, wadda a Nijar aka fi sani da UA, ƙungiya ce ta siyasa da tattalin arziki mai ƙasashe 55. Mazauninta yana Adis Ababa, babban birnin Habasha. Ita ta gaji Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wato OUA.

Asali

A farkon samun ƴancin kai shugabannin nahiyar sun rabu gida biyu. Ɓangaren Kasablanka, inda muryar Kwame Nkrumah na Gana ta fi amo, yana son a dunƙule nan take ƙarƙashin gwamnati ɗaya. Ɓangaren Monrobiya kuwa, wanda Nijar da Najeriya suke ciki, cewa ya yi a bi sannu, kowa ya riƙe tutarsa. Sarki Haile Selassie na Habasha ya tara su a Adis Ababa, aka kafa OUA ranar 25 ga Mayu 1963. Ƙasashe 32 ake ƙirgawa a matsayin waɗanda suka aza harsashinta, kuma Diori Hamani ne ya sa hannu da sunan Nijar.

Ra'ayin ƴan Monrobiya ne ya rinjaya. An yarda babu mai sa baki a harkar cikin gidan wani, sannan a taron Alƙahira na 1964 aka amince a bar iyakoki yadda Turawa suka shata su. Shi ya sa har gobe Maraɗi da Katsina, duk da zumuncin da ke tsakaninsu, kowace tana ƙasarta. Inda OUA ta taka rawar gani shi ne yaƙi da mulkin mallaka da wariyar launin fata, kuma ta wannan ƙofa mambobinta suka yi ta ƙaruwa: Zimbabuwe a 1980, Namibiya a 1990, Afirka ta Kudu a 1994. Wani ɗan Nijar, Ide Oumarou, ya riƙe muƙamin babban magatakardanta daga 1985 zuwa 1989.

Shawarar sake fasali ta fito ne a birnin Sirte na Libiya ranar 9 ga Satumba 1999, bisa matsin Mu'ammar Gaddafi. An ƙaddamar da UA a Durban, a Afirka ta Kudu, cikin Yulin 2002.

Shiga da fita

Ana karɓar sabuwar ƙasa idan fiye da rabin mambobi sun amince. Sudan ta Kudu ta shiga a 2011. Maroko ta fice daga OUA a 1984 saboda kujerar da aka bai wa Jamhuriyar Sahrawi, mai jayayya da ita kan yankin Yammacin Sahara, ta dawo a Janairun 2017. Rikicin Yammacin Sahara dai bai ƙare ba. Somaliland, yankin da ya ayyana ɓallewa daga Somaliya, ba mamba ba ce.

Kasuwar bai ɗaya da taron Yamai

An sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci marar shinge, ZLECAf, a Kigali cikin Maris 2018, kuma shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, aka ɗora wa jagorancin aikin. A Yamai aka ƙaddamar da fara aiwatar da ita ranar 7 ga Yuli 2019, ranar da Najeriya da Benin suka sa hannu bayan dogon jan ƙafa. Saboda wannan taro aka sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani, aka kuma gina sababbin otal. Wata guda da ƴan kwanaki bayan watsewar baƙi, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, manyan motoci suka yi jerin gwano a Birnin Ƙonni da Ɗan Isa. Eritiriya ce kaɗai ba ta sa hannu kan yarjejeniyar ba.

Dakatarwa

Dokar kafa UA ta hana gwamnatin da ta hau mulki ba bisa tsarin mulki ba shiga ayyukan ƙungiyar. Dakatarwa ba kora ba ce, ƙasar tana nan cikin lissafin 55. An dakatar da Nijar a 2010 bayan kifar da Mamadou Tandja, aka maido ta a 2011, aka sake dakatar da ita a Agustan 2023. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025 daga CEDEAO ce, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba daga UA ba.