Yaye a turke: in an raba ɗa da uwa, yaushe za a sake haɗa su?

Tambayoyin nan na yaye sun yi yawa, musamman daga mata masu awaki biyu uku a tsakar gida, to bari in amsa su wuri ɗaya.

Wata nawa ake yayewa?

Ɗan akuya da ɗan tunkiya wata 3 aka fi yi, in bai yi ƙwari ba a ƙara masa ɗaya. Maraƙi wajen wata 6 zuwa 8, duk da a ruga yana wuce haka tunda saniyar Bunaji ba ta sakin nono in ba ta ga ɗanta ba. Ni dai bakinsa nake kallo ba kalanda ba, yana cin harawa da dusa sosai, yana tuƙa, yana shan ruwa da kansa? To ya isa.

Me zai hana a bar uwar ta yaye shi da kanta?

Za ta yi, amma sai ta rame tukun, kuma ta daɗe ba ta nemi barbara ba. Cikin akuya wata 5 ne, jar akuyar Sakkwato in ta samu kulawa tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu, ɗa yana maƙale da hantsa kuwa wannan lissafin ya rushe. Ga kuma ɗan bunsuru da tun yana wata 4 ya fara rashin kunya, uwarsa ma bai bari ba balle ƴar uwarsa, ita kuma in ta ɗau ciki da wuri sai ta tsumbure.

Kukan fa? Wallahi ba ma barci.

Nan ne ake faɗuwa. Kwana biyu zuwa uku na farko sai haƙuri, ɗan yana kuka uwar tana amsawa har muryarsa ta dushe, daga nan yake lafawa. Na taɓa ware wasu tagwaye, a dare na uku Inna ta tashi cikin dare ta kwance su wai alhakinsu zai kama mu, da asuba na tarar da su kowa ya kama nono ɗaya yana kaɗa bindi, shikenan aikin ya koma farko. Duk ranar da aka bari ya sha, nonon ya sake kawowa kenan.

Kusa za a ajiye su ko nesa?

In akwai danga mai ƙwari ko waya da za su ga juna baki bai kai ba, sun fi saurin kwantar da hankali. Zana kam ɗan akuya zai huda ta. In gidan ƙarami ne a kai uwar zuwa gidan maƙwabta, shi a bar shi inda ya saba da kwanon cinsa. Kuma kar a haɗa masa yaye da dandaƙa da canjin abinci duk a sati ɗaya, maganin tsutsar ciki da rigakafin PPR (annobar awaki da tumaki) a yi magana da likitan dabbobi tun kafin ranar.

Sai yaushe za a mayar da su tare?

Nono yana ƙafewa cikin sati biyu zuwa uku in an rage wa uwar dusa da ƙuli, amma ɗan bai manta ba, ni ba na haɗawa ƙasa da wata ɗaya da rabi, maraƙi ma gara wata biyu. Mazan kuwa in ba a dandaƙe su ba kar su dawo sam. A riƙa taɓa hantsar, in ta cika tam a ɗan tatse kaɗan kawai ta samu sauƙi, in ta yi zafi da tauri ko nonon ya zo da gudaji ko jini a nemi likita.

Shafa kashin shanu a kan nono ko ɗaura wa maraƙi ƙaya a hanci yana yi?

Yana yi na ɗan lokaci, makiyaya sun daɗe suna yi don ba su da inda za su ware. Sai dai kashin yana bushewa ya zube ko ruwan sama ya wanke, ƙayar kuma tana ji wa hantsa ciwo ƙuda su bi. In kana da turke na biyu da igiya, su sun fi.