Mi ake nufi da "sa ido" a zamanin kamara?

Mu nan Maradi in an ce wane ɗan sa ido ne ai kowa ya gane, shi ne mai zaman ƙofar gida yana ƙirga wa ya shiga wa ya fita. To kalmar ta samu sabon aiki yanzu. Sa ido shi ne bibiyar motsin mutane da kamara da masu gadi da na'urar bincike a bakin ƙofa, musamman a bankuna da manyan kantunan nan da ake ce ma mol, irin Ado Bayero Mol na Kano da aka buɗe a 2014.

Sunan abin tsaro, kuma ɓarayi akwai su, ban musa ba. Amma kamara kowa take ɗauka, wanda ke zaune gaban allo shi ke zaɓen wa za a bi, kuma wallahi sau da yawa riga yake kallo ba hannu ba. Alhaji da shadda ya wuce a ce mashi sannu da zuwa, almajiri da robarshi ko ɗan kabu-kabu da ƙura a fuska tun daga nesa an ɗaga mashi hannu, bai saci komi ba, kawai bai yi kama da mai saye ba. Wanga shi ne wariya, ba a rubuta ta a allo amma wanda aka yi ma ya sani.

Dalili kuwa mol wurin mai shi ne, ba kamar babbar kasuwarmu ba da ko ba ka da dala kana iya yini a rumfar wani ana hira. A Ingila a 2005 wani mol mai suna Bluewater ya hana shiga da riga mai hular rufe kai, wai tana ɓoye fuska daga kamara, samari aka nufa. A Barazil ƙarshen 2013 samarin unguwannin talakawan Sao Paulo suka riƙa taruwa a mol don yawo kawai, wasu masu mol ɗin har kotu suka je a hana su.

Abin na cin raina don na gani da idona, yaron da ke jiran Alhaji ya fito ya ɗaukar mashi kaya zuwa mota, ya matsa inuwar ƙofa kaɗan don rana, mai gadi ya kore shi.